An Bar Mikin, An Yanki Lafiyayyar Fata

Tun ranar da muka dawo daga Misira ban zauna a majalisa an bar ni na sha shayi da zafinsa ba. Wannan ya ce yaya jirgi, wancan ya ce da gaske ne suna cusa wa tattabara shinkafa a ciki, wani kuma ya ja ni gefe ya tambayi jikin Hajiya a hankali kamar mai tambayar sirri. Na ba da labarin har ya fara canza kama a bakin mutane. Shekaranjiya na ji wani yana faɗa wa wani wai na mari likita. Ban mari kowa ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru, duk wanda ya tambaya in miƙa masa.

Ga wanda bai san ni ba, sana'ata fata. Shekara talatin da 'yan kai ina sayen fatar akuya da ta tumaki da ƙirgi a kasuwannin Mai'aduwa da Zango da Babban Mutum, in zuba musu gishiri, in kai Kano. Da keke na fara. Ɗakin ajiyar fatuna yana jikin katangar gidana a nan Daura, ƙofarsa daban, amma wari ba ya bin ƙofa. Matata Hajiya Balaraba ta zauna da warin nan tun tana amarya, ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba. Iyaka in na shigo ta ce, "Alhaji, na kai ruwa banɗaki," ni kuma in gane.

Bayan Babbar Sallah, lokacin da fata ta fi taruwa a wurina, ciwo ya fara mata a baki. Muka ce zafi ne. Sai ya fito mata a baya da ƙirji, bororo mai ruwa kamar ƙunar wuta, ya fashe, fatar ta saɓule, wurin ya ƙi warkewa. Riga ta riƙa manne mata. Macen da in ta fara magana sai an kira salla take tsayawa, ta koma nuni da hannu, don ko ruwa sai ta runtse ido take haɗiyewa. Muka yi asibiti a Daura, muka yi a Katsina. Wani likitan fata a Kano ya ce yana da zato, amma gwajin da zai tabbatar ba ya samuwa a wurinsu a lokacin: ko a aika da ɗan yankin fatarta waje a jira, ko mu tafi da ita. Ni ban saba aika kaya in zauna jira ba. Na ce za mu tafi.

Kafin mu tashi yayanta Malam Isa ya zo daga Zango. Manomi ne, kuma yana karantarwa a ƙofar gidansa, mutum ne da ba ya ɗaga murya. Ya zauna a zaure, ya ƙi shan ruwan da aka kawo masa.

"Alhaji, ba faɗa na zo yi ba," in ji shi. "Amma kowa a Zango yana faɗa, gara ka ji daga bakina. Kai kana tara fatar da aka saɓule, ga ƙanwata fatarta na saɓulewa. Ku je. In likitocin can suka ce daga fatunka ne, ranar da kuka dawo zan zo da mota. Zango za ta koma."

Na ce na amince. Abin da ban faɗa masa ba shi ne na fi shi yarda da zancen. Na sha ganin ƙirgin saniya mai kirci, na san yadda ciwo ke cin fata, kuma da hannuna nake shigo da irinsu jikin katangar da take kwana.

Muka bar Daura da hantsi. Na shimfiɗa mata katifa a kujerar baya, na ce wa direba duk ramin da ya faɗa a kansa zan huce. Ya lallaɓa har Kazaure kamar mai ɗauke da ƙwai, sai Hajiya ta taɓa kafaɗata, ta nuna agogo, ta nuna hanya. Ko ba baki sai da ta ba da umarni.

A filin jirgin Kano ba mu sha wahala ba, sai dai wurin binciken kaya. Hajiya ba ta iya cin komai sai kunun gero mai ruwa-ruwa, don haka rabin akwatina garin kunu ne. Ma'aikacin ya buɗe, ya dubi garin, ya dube ni, ya ce, "Alhaji, shago za ka buɗe a can?" Na ce masa in ciniki ya yi kyau. A cikin jirgi aka kawo abinci a 'yan kwanonin roba, kaza da shinkafa da wani abu mai sanyi da ban gane kansa ba. Na nuna wa ma'aikaciyar garin, na nuna kofi, na yi mata alamar tururi da yatsu. Ta kawo ruwan zafi, na dama kunu a sararin samaniya da cokalin roba, ya yi gudaji. Hajiya ta kurɓa, ta dube ni ta saman kofin, ta girgiza kai. Ta shanye dai.

Inda gabana ya faɗi shi ne shige da fice na Alƙahira. Jami'in ya ce ta ɗaga mayafi, ya ga leɓɓanta, sai ya ja kujerarsa baya. Ya kira wani, wanin ya kira wata. Na ga mutanen da ke bayanmu a layi suna matsawa. Na fito da takardar likitan Kano da katin rigakafi na shimfiɗa su a gabansu. Matar ta karanta a tsanake, ta ce wa Hajiya wata kalma mai taushi, aka buga mana hatimi. Da muka wuce na ga Hajiya ta ja mayafin har hanci. Abin ya fi ciwon yi mata zafi.

A waje wanda zai yi mana tafinta yana jira, Malam Habu, dattijo mutumin Damagaram. Karatu ya kai shi yana saurayi, ya auri 'yar ƙasar, ya zauna. Hausarsa tana nan garau, sai dai likita "lokotoro" yake ce masa. Da ya ji sana'ata ya matso ya shinshina kafaɗata, ya ce, "Lalle ba ƙarya ka yi ba." Daga ranar bai sake kirana da sunana ba, sai Sarkin Fata.

Masaukinmu yana hawa na shida a wani dogon gida, ana hawa da lif wanda bai fi akwatin ajiye kaya faɗi ba. Mutanen can a sama suke zaune kamar tantabaru, gida bisa gida, babu tsakar gida, babu zaure. In baƙo ya zo, kai tsaye yake faɗowa falon mutum. Gaisuwarsu gajera ce, ba a tambayar gajiya da iyali da aiki da zafi ɗaya bayan ɗaya, amma maza na rungumar juna su sumbaci kumatu. Ranar da mai gadin gidan ya nufo ni da hannu biyu na ja da baya har na take takalmin Malam Habu. Tsallaka titi kuwa, dattijon nan hannuna yake riƙewa kamar na yaro, ya kutsa cikin motoci yana ɗaga musu tafi. Ya ce in na tsaya jiran su tsaya, a nan zan yi azumi.

Wake suke karya kumallo da shi, da gurasa. Gurasar a fili ake baza ta a bakin titi, ƙura na bi ta kai, amma in gutsure ya faɗi ƙasa sai ka ga mutum ya ɗauka ya sumbata ya ɗora a kan katanga. Wannan ya burge ni. Shayinsu baƙi ne a ɗan gilashi, babu madara, sukari kuwa kamar za a yi alewa.

Rana ta biyu ina tsaye a ƙofar gidan sai ga kwando ya sauko daga sama da igiya, ya tsaya daidai fuskata. Na ɗaga kai, na hango wata tsohuwa tana leƙe. Na ce a raina baiwar Allah ba ta iya saukowa, taimako take nema. Na laluba aljihu, goro ne kawai, na zuba mata uku. Ta ja kwandon, sai na ji ihu daga sama, mai shagon da ke gefe kuma ya riƙe ciki yana dariya. Ashe haka suke cefane: a sauko da kwando, mai shago ya zuba kaya, a ja. Ni na tsaya a tsakaninta da mai tumatir.

Da yamma aka ƙwanƙwasa mana ƙofa. Tsohuwar ce, ashe maƙwabciyarmu ce. Ta gutsuri goron a gabanmu, ta yamutsa fuska, ta nuna ni da yatsa tana dariya. Da ta ga Hajiya sai dariyar ta tsaya. Ta fita, ta dawo da kwanon wata koriyar miya mai yauƙi. Hajiya ta ɗan lasa, ta ware ido, ta jawo hannun rigata, ta raɗa mini kalmar farko da na ji daga bakinta tun Kano.

"Lalo."

Lalo ne kuwa, mulukiyya suke ce masa. Don yana da santsi ya wuce mata ba tare da ya kankare bakin ba. Daga ranar kullum sai tsohuwar ta kawo, su zauna su biyu, ɗaya ba ta jin Hausa, ɗaya ba ta iya magana, amma in na shigo sai su yi shiru kamar na katse musu gulma.

Yanzu ga maganar marin likita.

Asibitin na koyarwa ne, babba. Likitar mace ce, gajera, ta manyanta, tabaranta na rataye a wuya da sarƙa. Ta duba Hajiya a nitse, baki da baya da ƙirji, ta ce za ta ɗauki ɗan yanki a gwada. Hajiya ta riƙe mini riga, don haka aka bar ni na tsaya, Malam Habu kuma yana bayan labule yana fassara. Aka yi allurar kashe zafi. Likitar ta ɗauko wani ƙarfe mai zagayayyen baki, ina ganinsa na gane shi, irin abin da dukawa ke huda fata da shi ne, sai dai nata ƙarami.

A bayan Hajiya akwai babban miki, ya kai tafin hannu, wanda ya hana ta kwanciya wata da watanni. Shi na kawo a gani. Likitar ta wuce shi, ba ta ko taɓa shi ba. Ta je wani ɗan bororo sabo da bai fi ƙwayar wake ba, ta ɗauka a bakinsa. Sai ta matsa gefe, wurin da fata take sumul, lafiya lau, babu ko ɗigo, ta ɗora ƙarfen ta murza.

"Malam Habu," na ce, "tsayar da ita."

"Me ya faru, Sarkin Fata?"

"Mai kyau ta yanka."

Ku da kuke kasuwa kun san abin da na gani. A sana'armu, in kamfani ya ce a kawo samfur, macuci ne ke zaro fatar da ta fi kyau ya miƙa, ya naɗe masu tabo da yankan wuƙa a tsakiyar dami. Ni in zan sayi fata, ɗaga ta nake a rana in nemi inda ta fi muni, don a nan gaskiyarta take. Shekara talatin ban taɓa yarda an nuna mini gefe mai kyau ba. Sai ga shi na tsallake ƙasashe ana yi mini a jikin matata.

"Faɗa mata," na ce, "in ta gwada mai kyau, mai kyau za ta gani. Faɗa mata a garinmu mai yin haka sunansa macuci."

"Ni ba zan ce wa lokotoro macuciya ba. A nan nake cin abinci."

"Faɗa mata!"

Ya yi mata wani dogon Larabci mai laushi wanda na tabbata babu macuci a ciki. Amma ta riga ta karanta fuskata. Ta gama ɗinkinta tsaf, ta sa yankan biyu a kwalabe daban-daban, sannan ta tambayi me nake yi a ƙasarmu. Da Malam Habu ya faɗa mata, da yadda muke duba fata, sai ta ɗora tabaranta ta dube ni sosai. Ta ce in dawo ranar da sakamako zai fito, ba ofis ba, ƙasa, inda ake aikin. Ta ce tun da ni ma mai duba fata ne, in zo in duba da idona. Ta rubuta wa Hajiya ƙwayoyi da ruwan kurkure baki ta fara kafin nan.

Da muka fito Hajiya ta mintsine ni a hannu da ƙarfin da ban san ya rage mata ba.

Kwanakin jiran nan ban ji daɗinsu ba. Malam Habu ya so ya kai ni ganin dalar Fir'auna, na ce ban zo kallon duwatsu ba. Abin da ke cina ba wai a ce laifina ne ba, wannan na riga na shirya masa. Tsorona a wanke ni da samfurin ƙarya, in mai da ita jikin katangar nan, ciwon ya ƙarasa ta, ina riƙe da takarda mai cewa ba komai.

Ranar da aka sa muka koma da safe. Bakin Hajiya ya ɗan fara sauƙi, ta ce ƙafata ƙafarta. Aka sauka da mu ƙarƙashin ginin, wuri mai sanyi kamar shagon ƙanƙara. Likitar ta fara nuna mini injin da ke yanka. Ana daskarar da ɗan naman ya yi tauri, sai wata wuƙa a cikin sanyin ta riƙa fere shi, kowane yanki ya fi ɓawon albasa siranta nesa ba kusa ba, a ɗauke shi a kan gilashi. Na tsaya ina kallo. Na san mahautan da ke feɗe akuya ba su bar ko ɗigon huji ba, amma babu mai hannun injin nan.

Daga nan muka shiga wani ɗaki, ta rufe ƙofa, ta kashe fitila. Madubin likitan da na sani a asibitinmu ɗan ƙarami ne, ana ɗaukarsa da hannu ɗaya. Wannan ya cika tebur, wayoyi na fita ta bayansa zuwa kwamfuta mai babban allo.

Ta fara sa yankin da ta ɗauka a bakin bororon. Allon ya cika da ja-ja da shuɗi-shuɗi. Ta ce fata gini ce, ƙwayoyinta jere suke kamar tubali, akwai abin da ke manne kowanne da ɗan'uwansa kamar laka. Ta nuna inda ginin ya tsage, sama ya rabu da ƙasa, tubalan sun zare suna yawo a cikin ruwa. Ta nuna wasu ɗige-ɗige da suka yi cincirindo a ƙarƙashi, ta ce sojojin jiki ne, su ke rugowa duk inda aka ji rauni, taruwarsu ce ke kawo kumburi da ja da zafi.

"Wannan ya nuna gini ya rushe," in ji Malam Habu yana fassara. "Bai nuna wanda ya rushe shi ba."

Sai ta cire, ta sa na lafiyayyar fatar, wanda na yi rigima a kansa. Allon ya yi baƙi ƙirin. Na ce a raina ga shi nan, ba komai. Ta danna wani abu.

Raga ce ta fito. Koriya shar, tana haske a cikin duhun, ido-ido kamar saƙar zuma, ta zagaye kowane tubali ɗaya bayan ɗaya. Ta riƙa murza wani ɗan maɓalli, hasken na nutsewa cikin fatar hawa-hawa, ana wuce wannan shimfiɗa a shiga ta ƙasa, ba tare da an sake yanka komai ba, ragar na nan a kowane hawa. Duk a cikin abin da bai kai ƙwayar gero ba.

Ta ce koren ba launin fata ba ne. Rini ne suka zuba, wanda ba ya kama komai sai makamin da jiki ke ƙerawa da kansa don yaƙar cuta. Inda duk ya haska, makamin na wurin. A lafiyayyen mutum tsakanin tubalan nan duhu za a gani. A jikin Hajiya garkuwar jikinta ce ta ɓata lissafi, ta ɗauki lakar da ke riƙe fatarta a matsayin abokin gaba, ta dira a kanta.

"To me ya sa ba ta ɗauka a babban mikin ba?" na tambaya, amma muryata ta riga ta sauka.

Malam Habu ya saurare ta, ya yi dariya. "Ta ce babban mikin kamar filin kasuwa ne bayan an watse. Saman fatar ya tafi, ƙwayoyin waje sun shiga, sawun kowa ya haɗu da na kowa. A gefe, inda kake ganin lafiya, a nan ake aikin yanzu, ginin bai faɗi ba tukuna. Ta ce ku kuna neman inda ya lalace don ku san daraja, su suna neman inda zai lalace don su san dalili."

Na ce ya tambaye ta abin da ya kawo ni, kuma kada ya tausasa ko kalma ɗaya: daga fatun dabbobin da nake tarawa ne?

Ta juyo da kujerarta ta fuskance ni. Ta ce ba za ta iya ce mini ga abin da ya tayar da shi ba, don su ma ba su gama sani ba. Amma ba ƙwayar cuta ce da ta taso daga akuya ko saniya ba, ba a ɗaukarsa, ba a shafa wa wani. Ta ce tana da masu irinsa da ba su taɓa taɓa ɗanyar fata ba a rayuwarsu. Ta nuna allon ta ce wannan koren daga cikin jikinta ya fito.

Na nemi wurin zama. Kujerar da na samu mai taya ce, ina ɗora nauyina ta zame da ni, na tafi da baya har na daki kabad. Abin da ya faɗi ke nan a ɗakin, kuma ni ne, ba likita ba. Na tashi, na ce wa Malam Habu ya faɗa mata na janye kalmar da na faɗa ranar nan.

"Wace kalma?" in ji shi. "Ai ban isar ba."

"To isar da ita yanzu, sannan ka janye."

Ya isar. Ta yi dariya har ta cire tabarau.

Hajiya ba ta kula mu ba. Ta matsa gaban allon ta daɗe tana kallo. Can ta ce a hankali, "Alhaji, ɗauki hoton nan a wayarka." Na ɗauka.

Sai dai ba a sallame ni fes ba. Likitar ta ce ciwon ba a cire shi kamar ƙaya, lallashinsa ake yi, magani na dogon lokaci, da zuwa wurin likitan Kano a kai a kai. Kuma maganin aikinsa ya kwantar da sojojin jikin, don haka a wannan lokacin ƙaramar ƙwayar cuta ma za ta iya kayar da ita, ga kuma miki a buɗe. Ɗanyar fata da ƙudajenta ba za su zauna kusa da ita ba. Wato fatuna ba su yi laifi ba, amma dole su tashi.

Muka ƙara kwanaki har mikin ya fara bushewa. Ranar tafiya tsohuwar ta rungume Hajiya suna kuka, ni kuma ta miƙo mini ƙullin busasshen lalo, kamar a Daura babu.

A jirgi na yi shawara da kaina. Tun da ko ta yaya fatun za su tashi, me zai sa in tsaya gardama da Malam Isa? In ce masa za a kwashe, ya ji ya yi nasara, ya bar mini matata. Na sha barin mai saye ya tafi yana ganin shi ya ci ciniki. Ban faɗa wa Hajiya ba.

Muka iso Daura bayan la'asar. Ga mota a ƙofar gida, ga Malam Isa a zaure a kan tabarma, carbi a hannu. Muka gaisa, ya dubi fuskar ƙanwarsa, ya ga leɓɓan sun warke, ya yi hamdala. Sannan ya juyo gare ni.

"To, Alhaji?"

"Za a kwashe fatun, Malam. Gobe ma."

Ya gyaɗa kai. "Ai dama."

Hajiya ta riga ta sa ƙafa a ƙofar cikin gida. Sai ta dawo.

"Yaya, ba haka ba ne. Alhaji, ba ni wayar."

Ta durƙusa a gefen tabarmar, ta buɗe hoton, ta kai masa har gaban ido. "Ka ga wannan koren? Nawa ne. Ba na akuya ba ne, ba na tunkiya ba. Jikina ne ke faɗa da jikina, na gani da idona, kuma a inda babu ciwo aka yanko shi. Fatun za su tashi saboda maganin da nake sha, ba don sun yi mini komai ba. Mutumin nan wata nawa yana kallona kamar wanda ya kashe ni, yanzu kuma yana so ya karɓi laifin don a zauna lafiya. Ban yarda ba. Yadda aka faɗa a Zango cewa shi ne, haka za ka koma ka faɗa cewa ba shi ba ne."

Malam Isa ya karɓi wayar, ya nisanta ta da idonsa, ya matso da ita. Ya daɗe. Ya tambaya ko ciwon na warkewa, na faɗa masa abin da likita ta ce, ban rage ba. Ya miƙo mini wayar, ya jawo kwanon ruwan da aka ajiye masa ya sha.

"Ina za ka kai su?"

Na ce ban samu wuri ba tukuna.

"Ina da fili a bakin hanya kafin a shiga Zango," in ji shi, yana kallon carbinsa. "Babu abin da nake yi da shi."

Na ce, "Malam, akwai wari fa."

Ya ce ya sani.

Kafin magariba motar ta koma da shi shi kaɗai. Can fatuna suke yanzu.